Gida biyu a Tasawa: abin da muka koya kafin a ce "na saya"

Zuwa ga ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na nan Urafane da ƙauyukan kewaye, da na wajen Tasawa da Mayahi da takardar nan ke isa hannunsu.  Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta, kamar yadda muka saba.

A wannan karon maganar gida muka kawo. Mun san wata za ta ce, mu da ke zuba dala 50 ko dala 100 a mako, ina mu ina sayen gida? To, ku duba da kyau. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, tare da ƙungiyar CARE, an ga matan da suka tashi daga akuya guda suka kai ga sa, daga sa suka kai ga fili. Kuma maganar gida tana iske mace ko ba ta neme ta ba. Maigida ya rasu a zo rabon gado, a yi wa gida kuɗi. Ɗa ya tafi Agadas ko Libiya ko Kano, ya aiko da kuɗi ya ce inna ta nemi wurin zama. Ko yara su ci jarrabawa, a buƙaci masauki a Tasawa kusa da lakkwal. A duk ukun nan, in mace ba ta san abin da ke sa gida tsada da abin da ke karya shi ba, wasu ne za su yi mata lissafi, ita kuwa ta biya.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne abin da ya faru da wata ƴar ƙungiyarmu bayan kaka. Ta yarda mu ba da labarin amma ban da suna, don haka Yaya za mu kira ta, tunda ta girme mu. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan. Tana da ɗiya biyu mata da ke karatu a Tasawa, suna zaune gidan dangi, zaman kuwa ba ya daɗi. Babban ɗanta yana aiki a Agadas, yana aiko mata kaɗan-kaɗan. Ta haɗa wannan da rabonta na asusu na shekara uku, ta sayar da san da ta turke, kuɗi suka kai miliyan 1 da jikka 500. Duk abin da ta mallaka a duniya ke nan. Dillali ya nuna mata gida biyu a bakin garin Tasawa, ta dawo ta ce ita ta ga nata, ranar kasuwa za ta kai kuɗi. A taron mako muka roƙe ta ta dakata. Mu uku muka raka ta, muka ɗauki wani dattijo magini na garinmu, muka biya mashi kuɗin mota daga aljihunmu.

Gidan farko

Shi ne wanda ya shiga ran Yaya, kuma ba mu ga laifinta ba. Ɗaki biyu ne jere, rufin kwano, an shafe bango da siminti an yi fenti shuɗi, ƙofar gida ta ƙarfe mai kyau. Ana neman miliyan 1 da jikka 450. Mu kanmu da muka tsaya a ƙofa sai da muka ce ma sha Allah.

Baba magini bai ko kalli fentin ba. Ya tsaya a hanya ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "Ɗiyata, taka ki shiga, ki gaya mani hawa kika yi ko gangara." Yaya ta shiga, ta ce gangara. Tsakar gidan ta fi hanya ƙasa da kusan taki guda. Ma'ana duk ruwan da ya biyo hanyar nan da damana, gidan ne masaukinsa. Ya nuna mana gindin katangar maƙwabta, ga zanen da ruwa ya bari, ya kusa kai gwiwa. A gidan da ake sayarwa fenti ya rufe zanen, amma na maƙwabta bai ɓoyu ba.

Daga nan ya zagaya bangon gabas yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. A wasu wurare sai ka ji ƙara kamar ta ƙwarya. Ya ce ginin na ƙasa ne aka lulluɓe da siminti, kuma siminti da laka ba su cika riƙe juna ba. In ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ƙasar tana narkewa a ciki, waje kuwa yana nan sumul, mai gida bai sani ba sai ranar da fallen ya zubo gaba ɗaya. Yaɓen laka in ya lalace ido na gani, a gyara. Na siminti ɓoye ciwo yake yi.

Muka shiga ɗaki da hantsi, tun rana ba ta take ba, zufa ta fara karyo mana. Rufin gajere ne, mutum ya miƙa hannu ya taɓa kwano, babu rufin ciki, taga guda ce ƴar ƙarama. Wannan da kaka ke nan. Ku tuna da bazara. Tsakar gidan kuwa in aka shimfiɗa tabarma uku ta cika. Babu zaure, wanda ya tsaya a ƙofa yana hangen har cikin ɗaki. Babu inuwa, babu inda za a kafa turke, salga ta kusa cika kuma tana jikin wurin da za a ɗora tukunya.

Gida na biyu

Wannan ko kallo bai ishe shi ba. Ginin ƙasa ne tsoho, ruwa ya wanke yaɓen, ƙofar ta tsohon kwano ce an ɗaure da waya. Ana neman miliyan 1 da jikka 300. Yaya ta ce ita ba ta baro ƙauye don ta dawo ƙauye ba.

Amma sai da muka hau dakali kafin mu shiga, don gidan a kan tudu yake. Akwai zaure da ke kallon hanyar da mutane ke bi zuwa kasuwa. A ciki shigifa uku, ƙofofinsu na duban yamma, sun ba gabas baya. Kowa a nan ya san daga gabas hadari ke tasowa, iska ta koro ruwa ta maka wa bango, shi ya sa iyayenmu ba su cika buɗe ƙofar ɗaki ta can ba. Kaurin bangon ya kai kamu guda. Muka shiga da azahar, ɗakin da sanyi kamar an yayyafa ruwa. Tsakar gida mai faɗi, ga babban bedi a tsakiya, ga kusurwa can baya da za ta ɗauki awaki huɗu da rumbu, salga tana nesa da madafa.

Shi ma yana da nasa ciwon. Baba ya soka ƙusa a itacen rufin ɗaki guda, ta shige kamar cikin tuwo, gara ta gama da shi. Sauran biyun azarar giginya ce, ya ce waɗannan za su iya kai jikokinta, don gara ba ta cika cin giginya ba, kuma yanzu samun irinta sai an sha wuya. Indararo biyu sun karye, ruwa na bin jikin bango yana ci. Duk gidan yana son yaɓe.

Lissafin da muka yi a gindin bedi

Nan muka zauna, sakatariyarmu ta fiddo littafi, Baba yana faɗin abin da gyara zai ci a ganinsa, tana rubutawa. Waɗannan kuɗin na gidajen nan biyu ne a lokacin, kada wata ta ɗauke su a matsayin farashin ko'ina.

Gidan shuɗi: cike tsakar gida da ƙasa da tada bakin ƙofa, jikka 80. Sabuwar salga, jikka 70. Rufin ciki da rumfa don a samu wurin zama, jikka 100. Gyaran bangon gabas, jikka 50. Jimla jikka 300. In aka ɗora bisa kuɗin saye, gidan ya tashi miliyan 1 da jikka 750. Yaya in ta biya kuɗin gidan, jikka 50 za ta rage mata, ga gyaran jikka 300 na jiranta kafin ruwan farko. Kuma ko an yi duk wannan, hanyar tana nan sama da gidan, tsakar gidan ma ba za ta ƙara faɗi ba.

Gidan ƙasa: sabon rufin ɗaki guda, jikka 90. Yaɓe, jikka 40. Indararo da ƙofa, jikka 20. Jimla jikka 150. Gidan ya tashi miliyan 1 da jikka 450, ta shiga ba bashi, har da ɗan saura na la'ada da takardu. Muka ƙara da cewa ginin ƙasa yana son a taɓa shi kowace shekara kafin damana, a ce jikka 15. Amma zauren da ke bakin hanya, in ta ba tela ko mai cajin waya haya a jikka 4 a wata, jikka 48 ke nan a shekara, ya biya yaɓen ya bar canji. In kuma ba ta so haya ba, nan za ta ajiye ƙuli-ƙuli da man gyaɗarta, masu wucewa su saya ba sai ta ɗauki kaya a ka ba.

A bakin dillali bambancin gidajen jikka 150 ne. A littafinmu ya zama jikka 300, kuma mai arahar shi ne ya fi ɗaki, ya fi fili, ya fi sanyi. Yaya ta yi shiru tana kallon littafin, can ta ce, "Ashe fenti na so in saya."

Kada a ce mun ce ƙasa ta fi siminti

Ba haka muke nufi ba. Gidan bulo na siminti da aka yi wa tushe mai zurfi, a kan tudu, da rufi mai tsawo da tagogi masu duban juna, ya fi tsada kuma ya cancanci tsadarsa. Ba ya neman yaɓe duk shekara, kuma wannan babban abu ne ga macen da ba ta da namiji a gida, wadda sai ta biya kafin a hau mata soro. Duk wadda ta sayi buhun simintin Malbaza ta san ba abin wasa ba ne, don haka gidan da aka gina da shi tun daga tushe ba a haɗa kuɗinsa da wanda aka shafa wa a fuska. Abin da muke cewa, a tambaya: ginin bulo ne ko shafe ne? In mai gida ya ce bulo ne, a nemi inda fenti ya ɓare a duba.

Ginin ƙasa ma in aka sake shi, kashe mutum yake yi. Ba mu manta damanar 2024 ba. Ruwan ƙarshen Agusta ya rushe gidaje a birnin Maraɗi har aka rasa rayuka, a farkon Satumba kuma tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi. A faɗin ƙasa mutanen da ambaliyar ta shafa sun wuce miliyan guda. Tun daga shekarar nan duk mai hankali in zai sayi gida, tambayarsa ta farko ita ce ina ruwa ke bi. Gidan da ke kwari, ko kusa da tafki, ko a bakin hanyar ruwa irin ta Gulbin Kaba, dole kuɗinsa ya sauka ko da an yi masa ado. Mu kuma na jigawa namu ciwon rairayi ne: a duba ko iska na tara shi a jikin katanga, don katangar da rairayi ya danne ba ta daɗewa.

Akwai kuma ginin da ba a sa itace a rufinsa, wanda ake lanƙwasa tubali ya zama rufi da kansa. An fara gwada shi a ƙasar nan a Cikal, wajen Filinge, a 1980, aka koyar da magina da dama. Amfaninsa, gara ba ta da abin ci, kuma ba a sare itace. In kun iske irinsa, ku tambayi wanda ya gina, don aiki ne na wanda ya koya, kuma shi ma yana son a kula da bayansa kafin ruwa.

Abin da mace ke gani namiji bai gani ba

Galibi maza ke zuwa duba gida, su tsaya a ƙofa su ƙirga ɗakuna su yi ciniki. Mu ke wuni a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka in za a sayi gidan da za ku zauna, ku nemi a tafi da ku, kuma ku duba waɗannan.

Ina za a yi girki, kuma ina hayaƙi zai bi? Madafar da iska ke koro hayaƙinta cikin ɗaki, tari ne da ciwon ido har abada. Ina za a yi daka da shanya? Ina ruwan wanka da wanke-wanke ke fita? In yana malala gidan maƙwabta, faɗa kika saya. Nawa ne tsakanin gidan da pampo ko rijiya, kuma nawa ake sayar da bido a unguwar? Gidan da ke nesa da ruwa kullum yana cin kuɗi ko yana cin wuyan ɗiyarki. In akwai rijiya a gidan ko a maƙwabta, a auna tsakaninta da salga. Ma'aikatan lafiya suna son a bar kamar mita 30. Akwai wurin dabba? Mu da rabin arzikinmu ke kan turke, gidan da ba shi ɗaukar tunkiya ya rage mana hanyar samu. Akwai itace mai inuwa? Bedi babba shekaru ne, kuɗi ba su tsayar da shi rana ɗaya. Akwai filin ƙara ɗaki in ɗa ya yi aure? In gidan mata biyu ne, ɗakunan daidai suke? Ɗaki babba da ƙarami a gidan kishiyoyi kowa ta san abin da yake haifarwa.

Ku je sau biyu, da safe da kuma tsakar rana. Ku shiga wurin maƙwabciya ku gaisa ku nemi ruwan sha, ku tambaye ta yadda unguwar take a watan Agusta. Abin da dillali ba zai faɗa ba, ita za ta faɗa kafin ku ajiye moɗa.

Takarda

Da muka koma wajen gidan ƙasa da niyyar ciniki, sai wata matsalar ta fito. Maƙwabciya ce ta tsegunta mana cewa gidan gado ne, magada biyar, kuma ɗaya tana aure a Najeriya, ba a ko gaya mata ba. Wanda ke sayarwa babban wansu ne, yana cewa shi ne babba, maganarsa ta isa. Ba ta isa ba. Mu da kanmu mun san a shari'a ɗiya mace tana da rabin rabon namiji, matar mamaci tana da tumuni in akwai ƴaƴa, rubu'i in babu. Ba za mu taya ƴar uwarmu sayen haƙƙin wata mace ba, kuma gidan da aka saya haka, ko bayan shekara goma mai haƙƙi na iya zuwa ta tada magana.

Muka ce ba a ba da ko dala ba sai an zauna gaban mai unguwa da liman, kowane magaji ya faɗi yardarsa. Wata biyu aka yi ana jira. Dillali ya yi ta aiko wa Yaya cewa wani zai riga ta, ta zo taro tana kuka ta ce mun sa ta yi biyu babu. Gaskiya mu ma hankalinmu ya tashi, don da gidan ya kuɓuce, da mu za a zarga. Allah ya taimaka matar ta zo da kanta, aka zauna, aka daidaita a miliyan 1 da jikka 250, aka rubuta takardar ciniki da shaidu, aka kai ma'aikatar magajin gari aka buga hatimi.

Ku riƙe wannan. In fili ne na cikin gari da hukuma ta yanka, akwai takardarsa daga ma'aikatar magajin gari, a nemi ganinta, a duba sunan da ke kai da lambar filin. In a ƙauye ne, tun dokar karkara ta 1993 aka tanadi kwamitocin filaye da muke kira Kofo, akwai na gari, na kwamin da na departama, kuma ta wurinsu da mai gari ake samun takardar shaidar saye ko kyauta ko gado. Gida biyu iri ɗaya, mai takarda ya fi marar takarda daraja, don shi ne za ki iya sayarwa ko ki bar wa ƴaƴanki ba tare da shari'a ba.

Sai maganar suna. Dangi suka ce a rubuta sunan ɗanta, tunda shi ne namiji kuma ya sa kuɗinsa. Aka kira shi a waya, ya ce abin da ya aiko kyauta ce ga mahaifiyarsa, a sa sunanta. Allah ya yi masa albarka. Ba kowace ke dacewa da irin wannan ɗan ba, don haka in kuɗinki na ciki, ki tabbata an rubuta, ko sunanki ko adadin abin da kika sa, gaban shaidu. Ba rashin kunya ba ne.

Gargaɗi game da asusu

Wasu sun fara tambaya ko za a iya ɗaukar bashin asusu a cika kuɗin gida. Shawararmu a'a. Bashin akwatinmu na ɗan lokaci ne, an yi shi don sana'ar da ke juyawa ta dawo da kuɗi kafin wa'adi. Gida ba ya dawo da kuɗi a wata guda ko uku. Wadda ta ci bashi ta zuba a bango, ranar biya sai ta sayar da akuyarta a wulaƙance, ko ta riƙe kuɗin ƴan uwa har rabo ya zo akwati ba cike ba. A tara daga rabo, daga kiwo, daga amfanin gona. In kuma gyara ne ƙarami da zai kawo kuɗi nan kusa, kamar sa wa zaure ƙofa don a ba da haya, wannan ƙungiya na iya dubawa.

Yanzu Yaya ta tare. An sake rufin ɗakin, an yi yaɓe, ɗiyanta suna kwana gaban uwarsu. Wani tela ya kama zauren. Ba ta bar ƙungiya ba, tana aiko da zubinta duk mako ta hannun mai motar kasuwa, kuma ta ce duk ƴar ƙungiyar da dare ya yi wa a Tasawa tana da tabarma a gindin bedi.

Aikin da muke ba kowace ƙungiya kafin fitowa ta gaba: bayan an rufe akwati, ku ɗauki ɗan lokaci kowace ta faɗi abu guda da ke ƙara wa gidan da take ciki daraja, da abu guda da ya kamata a gyara kafin damana. Sakatariya ta rubuta. Wadda indararonta ya karye, ko gindin bangonta ya zaizaye, yanzu ne lokacin, tun laka da magina ba su yi tsada ba. Ku aiko mana da abin da kuka tattauna ta hannun wakiliyar yankinku, musamman in akwai wadda aka taɓa yi wa kuɗin gida a rabon gado, muna son mu ji yadda aka yi lissafin.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a zubinmu. Sai mun sake haɗuwa.